Komawa ga Tsofaffin Motoci a Tsakiyar Rayuwa: Jagora Daga Zaɓe Har Zuwa Hawa Titi

Mutane da yawa da suka taso da son mota sukan ajiye wannan so a gefe, ba don ya fita daga ransu ba, sai don hidimar iyali da neman na kai sun cinye lokaci da aljihu gaba ɗaya. Idan shekaru suka haura 40, yara suka tasa, aiki ya zauna da gindinsa, sai wata rana tsohuwar mota ta gifta, irin wadda mahaifi ko wani malami ya taɓa hawa, mutum ya bi ta da kallo har ta ɓace. Daga nan sha'awar takan dawo da ƙarfinta, kuma a wannan karon akwai ɗan hali. A nan ne ake bukatar taka-tsantsan, domin mai ɗoki da kuɗi a hannu ya fi kowa saurin sayen wahala.

Ra'ayin da na gina wannan jagora a kansa shi ne, motar da za ka hau ita za ka nema, ba wadda za ka kwance ka zuba a kwalaye kana jiran ranar da za a gama ta ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga wannan harka suka fita da ɓacin rai, ba son motar ne ya ƙare musu ba, aikin ne ya fi ƙarfin lokacinsu, har shekaru suka shuɗe ba su taɓa jin ƙarar injinta a kan titi ba.

Ka fara da sanin abin da kake nema

Kafin a yi maganar wace mota, ya kamata a san me ake kira motar tarihi. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 domin haɗa kan ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na ƙasashen duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, aka adana ta a kan siffarta ta asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Dokokin ƙasashe sun bambanta. Jamus tana ba motar da ta cika shekara 30 lamba mai harafin H tun daga 1997, Birtaniya tana sassauta haraji da gwajin shekara-shekara ga wadda ta kai 40, Amurka kuma tana barin a shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojinta ba idan ta kai shekara 25. Akwai kuma ƙasashen da suka taƙaita shigo da tsohuwar mota daga waje. Saboda haka aikin farko shi ne karanta dokar inda kake zaune game da rajista da inshora da shigo da mota, tun kafin ka ɗora ido a kan wata.

Bayan wannan sai ka tambayi kanka abin da ke ba ka daɗi a harkar. Wani tuƙi yake so, ya fita da safiyar ranar hutu ya yi kilomita 100 ya dawo. Wani hannunsa ne ke ƙaiƙayi, burinsa ya riƙe sufana ya ga abin da ya mutu ya tashi. Wani kuma so yake ya mayar da mota kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Kowane ɗaya da irin motar da ta dace da shi, kuma wanda bai tantance ba yakan sayi motar mutum na uku alhali shi na farko ne.

Sannan akwai gwajin da nake ganin bai kamata a tsallake ba: ka nemi mai irin motar da kake mafarki, ka roƙe shi ya bar ka ka tuƙa ta na rabin sa'a. Abin da ƙwaƙwalwa ta adana tun ƙuruciya ƙamshin kujeru ne da ƙarar injin da fuskar wanda ke riƙe da sitiyari, amma ba ta adana nauyin sitiyarin da babu na'urar sauƙaƙa shi ba, ko taurin kuloci a cunkoso, ko zafin cikin mota marar na'urar sanyaya iska, ko raunin fitilu da dare. Bayan mai shekara 50 da gwiwarsa ba irin na ɗan shekara 20 ba ne. Idan ka sauko kana murmushi duk da haka, to son na gaskiya ne. Ka kuma zauna da iyali tun da wuri a yi maganar kuɗin da za a ware da wurin da motar za ta kwana, domin motar da aka shigo da ita gida ba shawara takan zama abin gunaguni.

Zaɓen mota: kayan gyara kafin kyau

Ga mai dawowa bayan dogon hutu, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan wani abu ya lalace, ina zan samu madadinsa, kuma wa ya iya aikinsa? Shi ya sa motocin da aka ƙera da yawa suka fi dacewa da farawa fiye da waɗanda ba a cika gani ba, komai kyawunsu.

Volkswagen Beetle misali ce ta kusa. An ƙera fiye da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko a watan Yulin 2003, kuma har yau kusan kowane ɓangare nata ana samun sabonsa. Iska ce ke sanyaya injinta, babu lagireto balle maganar ruwa, amma tana son kulawa a kai a kai: canjin baƙin mai duk kilomita 5,000, da saita bawul a tazarar milimita 0.15 idan injin ya huce. Waɗanda aka ƙera kafin wajen 1967 suna aiki da lantarki mai bolt 6, abin da ke sa fitilunsu rauni da tayar da su nauyi.

Peugeot 404, wadda ta fito a 1960 da zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ƙanwarta 504 kuma ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, aka ci gaba da harhaɗa ta a wasu ƙasashen Afirka har bayan shekara ta 2000. Wannan tsawon rai shi ya sa kayan injinta da na ƙafafunta ba su yi wuya ba, kuma laushin tafiyarta a kan hanya marar kyau har yau abin yabo ne. Mercedes-Benz W123, da aka ƙera kusan miliyan 2.7 tsakanin 1976 da 1986, ta yi suna da juriya, musamman masu injin dizal irin 240D da 300D. Tana da wani hali da ya kamata mai saye ya sani: makullan ƙofofi da kashe injin dizal duk suna aiki ne da zuƙar iska ta cikin siraran tiyo, idan ɗaya ya tsage sai ka murɗa makulli ka zare shi injin yana ci gaba da aiki, sai an buɗe bonet an danna wani ɗan ƙarfe mai rubutun STOP. Wanda bai sani ba zai ɗauka babbar matsala ce, alhali sau da yawa tiyo ɗaya ne.

Masu son motar jeji suna da Land Rover ta farko-farko, wadda ta fara fitowa a 1948, da Toyota Land Cruiser jerin 40 da aka ƙera a Japan daga 1960 zuwa 1984. Dukansu suna da sauƙin fahimta, amma suna da hayaniya da jijjiga, kuma ba kowane iyali ne zai so doguwar tafiya a cikinsu ba.

Lissafin kuɗi

Araha ba ta ado, kuma a wannan harka motar da ta fi arha a ranar saye ita ce ta fi tsada a ƙarshe. Shawarata ita ce ka sayi mafi lafiyar da aljihunka zai iya, amma ka bar kamar kashi ɗaya bisa uku na abin da ka ware a gefe domin gyaran shekarar farko, saboda babu tsohuwar motar da ba ta ɓoye wani abu. Kada kuma ka shiga da niyyar riba. Cikakken gyara daga tushe sau da yawa yakan ci fiye da abin da motar za ta yi a kasuwa, kuma 'yan tsirarun motocin da darajarsu ke tashi sama ba su ne ma'aunin sauran ba.

Ranar dubawa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane nauyi. Ka je da rana, ba da dare ko cikin ruwan sama ba, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibi. Ka ɗauki tocila da ƙaramin maganaɗisu da tsumma da tabarmar da za ka kwanta a kai, ka kuma tafi da wanda ya san irin motar kuma ba shi da ɗokin da kake da shi. Ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso.

Ka fara da takardu. Lambar shasi da ke jikin takarda dole ta yi daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfe da wadda ke kan farantin kamfani. Lamba mai harafi 17 da aka saba gani a yau ta zama ƙa'ida ne daga 1981, don haka gajeriyar lamba a tsohuwar mota ba abin tsoro ba ce; abin tsoro shi ne alamar niƙa ko walda ko sabon fenti a kewayen lambar. Idan takardu ba su cika ba, ka haƙura komai kyawun motar. Kada ka dogara da abin da agogon kilomita ya nuna, domin yawancin na da lamba 5 gare su, suna komawa sifili bayan 99,999. Cinyewar robar feda da laushin kujerar direba da tarin rasit na gyara sun fi shi faɗin gaskiya.

Daga nan sai tsatsa, wadda ita ce ke yanke hukunci. Injin da ya gaji ana sauke shi a gyara a mayar, kuma ana iya ƙiyasta kuɗinsa tun kafin a fara. Tsatsa kuwa ba a sanin iyakarta sai an buɗe, kuma abin da ido ya gani a waje kaɗan ne daga abin da ke ciki, domin daga ciki take cin ƙarfe ta fito. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gaba da ta baya ka taɓa da hannu ko akwai danshi. Ka cire tayar safaya ka haska ramin da take kwana. Ka duba ƙarƙashin batir, inda ruwansa ke zuba yana cin kwano, da ƙasan ƙofofi, da kewayen gilashin gaba da na baya, da wuraren da ake kafa jak. A Beetle ka danna dogayen hanyoyin iskar ɗumi da ke bin gefen ƙasa, domin su ne ke riƙe da bodin. A W123 ka duba magudanun ruwa da ke kusa da maƙalan bonet, waɗanda ganye ke toshewa har ruwa ya sami hanyar shiga ciki. A Land Rover kada kyawun bodi ya ruɗe ka, domin na alminiyom ne, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Shasi da bangon da ke tsakanin injin da direba su ne na ƙarfe, kuma su ne ke ruɓewa.

Maganaɗisun nan ka naɗe shi a tsumma don kada ya karce fenti, ka bi da shi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya kama da ƙarfi ƙarfe ne, inda ya saki kuwa an cika wurin da fila an shafe da fenti. Ƙananan ƙuraje a ƙarƙashin fenti alama ce ta tsatsa mai tasowa. Sabon baƙin shafi mai kauri a ƙarƙashin mota, musamman wanda aka yi dab da sayarwa, ya cancanci tambaya. Ka tsaya daga nesa ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bodi. Idan ta yi faɗi a sama ta matse a ƙasa, ko ƙofa tana faɗuwa idan an buɗe, to ko dai motar ta taɓa yin haɗari ko ƙashin bayanta ya yi rauni.

Sai injin. Ka taɓa shi ka tabbatar a sanyaye yake. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai: farin kumfa mai kauri yana iya nufin ruwa na haɗuwa da mai, ko da yake gajerun tafiye-tafiye ma suna kawo kaɗan. Ka tsaya a baya lokacin da za a tayar ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi kuwa yana nuna ruwa na shiga silinda, galibi ta gasket. Fitilar mai ta mutu nan take bayan tashi, kada kuma ta riƙa ƙyaftawa idan injin ya yi zafi yana tsaye. Idan mai motar ya yarda, a auna matsin kowace silinda; ba yawan lambar ne ya fi muhimmanci ba, daidaiton su ne, kada bambancin ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. A wurin tuƙi ka shiga kowace giya, ka ɗaga ƙafa daga totur ka ga ko giya za ta fita da kanta, ka taka birki a hanya miƙaƙƙiya ka ga ko za ta ja gefe, ka kuma bar ta tana aiki a tsaye na minti 10 bayan an dawo kana kallon allurar zafi.

Bayan duk wannan, ka koma gida ka kwana a kan maganar. Motar da aka ce sai yau ko a rasa, a bar ta ta tafi.

Makonnin farko: tsayawa kafin tafiya, tafiya kafin ƙyalli

Zuciya za ta so a fara da fenti da kujeru, amma tsarin da ya dace shi ne birki, taya da sitiyari, hanyar mai, lantarki, sanyaya injin, sannan ado a can ƙarshe.

Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska, abin da ke rage jurewarsa ga zafi kuma yake sa tsatsa a cikin silindojin birki, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. A motar da ba ka san tarihinta ba, ka canza man da dukan tiyon roba, domin tsohon tiyo yakan kumbura ta ciki ya riƙe birki alhali daga waje lafiya lau yake. Kada a haɗa DOT 5, wanda na silikon ne, da sauran, kuma a sani cewa wasu motocin Citroën suna amfani da wani koren mai na daban mai suna LHM, zuba musu man birki na gama-gari yana lalata robobinsu. Motoci da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birki ɗaya gare su, wato idan ya fashe a wuri guda duk ƙafafu huɗu sun rasa birki, don haka birkin hannu dole ya kasance mai kamawa sosai. Tsofaffin takalman birki da farantin kuloci suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu; kada a hure ta da iska, a jiƙa a goge, a kuma rufe hanci.

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta akwai lamba 4 a ƙarshen rubutun DOT: 2318, alal misali, tana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Idan lamba 3 ce, tayar ta girmi shekara ta 2000. Wadda ta kai shekara 10 a sauke ta ko da zanenta bai cinye ba.

A hanyar mai, a canza kowane tiyon roba daga tanki har kafireto, a sa sabuwar matata, a duba cikin tanki ko akwai tsatsa. Gobara ita ce babbar abokiyar gabar tsohuwar mota, kuma a Beetle musamman tsohon tiyon fetur da ke saman injin mai zafi ya cinye motoci masu yawa. Ka sayi tukunyar kashe gobara ka ɗaure ta inda hannu zai kai daga kujerar direba. A ɓangaren lantarki, cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 a tsaye, idan injin na aiki kuma ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Yawancin matsalolin wutar tsohuwar mota daga dattin mahaɗa ne da raunin wayar da ke haɗe da bodi, ba daga manyan na'urori ba. Kafin ka haɗa batir ka tabbatar da wane kai ne ke zuwa bodi, domin motocin Birtaniya da yawa na kafin tsakiyar shekarun 1960 kan mai alamar tarawa ne ke haɗe da shi. Duk fis ɗin da aka maye gurbinsa da waya ko takardar alminiyom a cire shi a ranar.

Idan motar ta shekara da shekaru a ajiye, kada a sa batir a murɗa makulli kai tsaye. A cire fulogogi, a ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu ta hanyar sa sufana a babban notin gaba. Idan ya juya ba tirjiya, a canza baƙin mai da matatarsa, a juya shi da kik ba tare da fulogi ba har fitilar mai ta mutu, a zubar da tsohon fetur a sa sabo, sai a tayar.

Man yau a injin jiya

An ƙera waɗannan injuna ne a zamanin fetur mai dalma, wanda aka fara amfani da shi a shekarun 1920, aka kuma daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya a 2021, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Dalmar tana kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi, don haka injin da kansa na baƙin ƙarfe ne, ba a kuma sa masa mazauni mai tauri ba, yana iya cinyewa a wurin idan ana doguwar tafiya da gudu. Ana magance wannan da sinadarin da ake zubawa a tanki, ko kuma a sa mazaunai masu tauri duk ranar da aka sauke kan injin. Masu kan alminiyom galibi suna da su tun asali.

Etanol, nau'in barasar da ake gaurayawa da fetur, shi ma abin lura ne. Fetur mai alamar E10 yana ɗauke da shi har kashi 10 cikin 100, yana jawo danshi, yana kuma cin tsohuwar roba, saboda haka a nemi tiyon da aka yi domin jure shi, kada kuma a bar irin wannan mai ya yi watanni a kafireto. Game da baƙin mai, tsofaffin injuna da yawa sun fi son mai kauri irin 20W-50 mai isasshen sinadarin ZDDP mai rage cinyewar ƙarfe, wanda aka rage a man motocin zamani. Littafin kamfanin da ya ƙera motar shi ne alƙali a nan.

Koyon aiki da hannu da zaɓen makanike

Daɗin tsohuwar mota shi ne ana ganin yadda komai ke aiki. Ka nemi littafin gyaranta, ka sayi sufanu masu kyau daidai da ma'aunin notocinta, domin na Jamus da Faransa da Japan milimita ne, na Amurka da tsofaffin na Birtaniya kuwa inci ne ko wani ma'auni na daban. Ka fara da ƙananan ayyuka: canjin mai, fulogi, fambel, shafa giris. Daga nan ka koyi saitin injin, wanda yake da jeri da ba a saɓawa: bawul da farko, sai tazarar kwantak, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufewa domin ba fulogi wuta, wadda a motoci da yawa take kusan milimita 0.4, sai lokacin tartsatsi, kafireto a ƙarshe. Dalili shi ne taɓa kwantak yana sauya lokacin tartsatsi, kuma sau da yawa laifin da ake ɗora wa kafireto na wuta ne. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto, ka zuba notoci a leda ka rubuta sunan inda suka fito. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi an kuma tokare tayoyi.

Walda a sassan da ke ɗaukar nauyi da gyaran cikin injin da feshin fenti na zamani, wanda tururinsa ke da guba, a bar wa masu sana'ar. Ka nemi makaniken da ya yi zamani da kafireto, ka je garejinsa ka ga aikin da ya gama, ku yi yarjejeniya a rubuce, a biya kashi-kashi bisa abin da aka kammala. Dattawan da suka iya wannan aiki suna raguwa, kuma zama kusa da su ana kallo ana tambaya yana daga cikin mafi amfanin abin da mai wannan sha'awa zai yi da lokacinsa.

A sabunta ko a bar ta da shekarunta

Bayan motar ta yi shekara guda tana tafiya lafiya ne ya dace a yi maganar fenti, domin a lokacin ka san ta, ka san ko za ka zauna da ita. Yarjejeniyar Turin ta FIVA, wadda ta fara aiki a 2013, tana ƙarfafa adana abin asali gwargwadon iko, da yin sauyi ta yadda za a iya mayar da shi, da rubuta duk abin da aka yi. Ina tare da wannan ra'ayi. Fentin masana'anta da ya koɗe da kujerar da ta yi laushi da zama ba a sake samun su idan an cire, kuma sau da yawa wanki da gogewa da ɗinkin inda ya yage sun wadatar.

Inda ba na jayayya shi ne abin da ya shafi rai. Bel mai maƙali 3, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959, ya kamata a sa shi a duk motar da ba ta da shi, a wurin da ƙarfe ke da ƙwari. Mayar da birki mai layi ɗaya zuwa mai layi biyu da ƙara hasken fitilu su ma gyara ne da ya dace. Duk abin da aka cire na asali a adana shi a kwali, ya bi motar duk inda ta je.

Tuƙi da ajiya

Tsohuwar mota tana bukatar tazara mai yawa tsakaninta da ta gaba, domin galibi babu na'urar hana tayoyi kullewa, babu jakar iska, kuma birkin ganga yana rauni idan ya yi zafi a doguwar gangara, inda ya kamata a sauko da giya. Ka saba da kallon allurar zafi da ta mai, ka riƙa tafiya da fambel da fis da kwantak na safaya da 'yan sufanu. Ka nemi ƙungiyar masu irin motarka, a kusa ko a intanet, domin a wurinsu ake jin inda kayan kirki suke da waɗanda ba su da inganci.

Zama ya fi tafiya lalata mota: robobi suna bushewa, birki yana kamewa, fetur yana tsami. Tayar da ita na minti 5 a gareji ba ya amfani, yana ma tara danshi a salansa da cikin mai. A fita da ita aƙalla sau biyu a wata, a yi tafiyar rabin sa'a har komai ya yi zafi sosai. Idan dole ta daɗe a ajiye, a wanke ta ta bushe, a ƙara wa tayoyi iska, a cire kan batir, a saki birkin hannu a tokare tayoyi, a toshe bakin salansa saboda ɓeraye, a rufe ta da mayafi mai shan iska maimakon tamfol da ke riƙe danshi, sannan a manna takarda a kan sitiyari mai ɗauke da jerin abubuwan da aka cire ko aka toshe, domin a mayar da su kafin a sake murɗa makulli.